Baffa Bai Binne Asiri Ba

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Litinin da hantsi Baffa ya koma, bayan kwana tara yana fama da ciwon ƙirji, kafin azahar mun kai shi makwancinsa a bayan garin Azare. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da mahaifina ya rasu. Raina a ɓace nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba. Mutuwa kowa yana jiran tasa, ba ita ta ɓata mini rai ba. Abin da kunnena ya jiyo a zaman makoki ne.

Mutane sun zo, ba laifi. Zaure ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har gindin durumin ƙofar gida. Liman ya ce an yi rashin mai tsare sahu. Tsofaffin leburorin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun zo su huɗu, ɗaya tun daga Giade a ƙafa, suka raɓe gefe guda suna share hawaye da bakin rawani. Inna, matarsa, tana ciki ta kasa ko amsa gaisuwa. Ina zagawa da ƙwaryar gumba sai na ji wasu 'yan kasuwa biyu, masu manyan riguna, suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce, "Allah dai ya yafe masa abin da ya binne wa mutanen gabas." Ɗayan ya ce, "To, ai yanzu ya je ya tarar." Suka miƙo hannu suka ɗebi gumbarsa suka ci. Na so in kifar da ƙwaryar a kansu, wallahi, kunyar baƙi ce ta riƙe ni.

Maganar da suke yi duk Azare an san ta. Wai Baffa ya binne asiri a gonakin wani ƙauye da ke gabas da Udubo, shi ya sa gwamnati ta ƙwace musu ƙasa, ƙauyen ya watse. Shekara takwas yana yawo da wannan suna a wuyansa. Ƙarya ce, kuma ina wurin aka yi abin.

Baffa helima ne na Turawan safiyo, masu auna ƙasa su zana taswira. Ya fara da dako tun mota ba ta saba da hanyar Azare ba, ya koma jan sarƙar awo, har ya zama shi ke shugabantar leburori. Shekara ashirin da biyar ya yi a ciki. Babu wata fadama ko jigawa tsakanin Dagauda da Katagum da bai ja sarƙa a kanta ba.

Kayan aikin duk daga hayin teku suke zuwa. Na sani, domin da na gama makaranta an ɗauke ni akawu a ofishin da takardunsu ke biyowa. Wani madubin awo a ƙera shi a Ingila, wani a Jamus, wani a wata ƙasa ta duwatsu da aka ce maƙeranta ba su da aiki sai agogo da gilashi. A ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Kano, mota zuwa Azare. Inda mota ta tsaya, nan kan Baffa yake karɓa. Kowane Bature da nasa akwatin yake zuwa, yana rantsuwa nasa ya fi na wanda ya gada, kuma na ga littattafan tallan da kamfanoni ke aiko musu, kowa yana cika baki madubinsa ba ya kuskure. A jikin kowane madubi akwai ɗan farantin tagulla mai sunan maƙeri da garinsu. Baffa ya goge waɗannan sunaye da toka da tsumma har suna ɗaukar ido, bai san yadda ake karanta ko ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na duba ƙasan taswirori da yawa da suka biyo ta hannuna, sunan Bature ne da na wanda ya buga, ban taɓa ganin sunan ɗan ƙasar Katagum ba.

Madubin nan har laima gare shi. Ba wasa nake yi ba. Mutum guda ake warewa ya riƙe masa laima kada rana ta taɓa shi, masu sarƙa kuwa suna tsaye a tsakiyar rana leɓɓansu na tsagewa. Bayan 'yan shekaru a mayar da shi Turai a duba lafiyarsa. Baffa gashin tsakiyar kansa ya zube tun yana saurayi saboda gammo, ba wanda ya taɓa duba masa ko haƙori. Shi dai dariya yake mayar da abin. Yarima yake kiran madubin. Da asuba za ka ji yana cewa leburori, "A ɗauko Yarima a hankali, kada ya yi fushi, mu ne za mu sha."

Aikin ya bi shi har gida. Ba ya tafiya sai yana ƙirga taku. Daga ƙofarmu zuwa masallaci ɗari biyu da goma sha huɗu ne, ran da ya yi da goma sha shida sai ya dawo yana cewa tsufa ya fara sallama. In aka tsaya salla sai ya je ƙarshen sahu ya runtse ido ɗaya, ya ce wane matso, wane ja da baya, manya suna tsaki yana yi. Ya taɓa gyara wa Inna duwatsun murhu, wai ɗaya ya fi sauran nisa da yatsa biyu, ta kore shi da muciya. In ana gardamar nisa ko iyaka a zaure ba ya sa baki, sai ya tashi ya ce, "Ku zo mu taka. Ƙafa ta fi ido gaskiya."

Wanda ya zo daga Giade a ƙafa, Babarbare ne, shi ya ba mu wani labari da ban sani ba. Wata damina kurkunu ya fito masa a ƙafa suna tsakiyar aiki, kuma dokar Bature ita ce wanda ya kasa ɗaukar kaya a sallame shi nan take. Baffa ya haɗa kayan mutumin da nasa ya ɗauka, kwana uku, ya sa shi riƙon laima yana ɗingishi a bayan Yarima. Da Bature ya tambaya, sai ya ce shi yake son ya gwada ƙarfinsa. Baffan nan ne wasu ke zaune a ƙofar gidansa suna cewa ya je ya tarar.

Bayan babban yaƙin duniya aka ce an samu sabuwar dabara. Jirgin sama zai bi ta kan ƙasa yana ɗaukar hoto, daga hoton a zana taswira, ba sai an taka ko'ina ba. Sai dai jirgin yana bukatar alamu a ƙasa, wuraren da aka riga aka auna, waɗanda za su fito a hoto. Baffa aka sa ya shimfiɗa su. Ya bi daji da jakuna ɗauke da farar ƙasa, yana share fili yana zuba alama fara mai hannu huɗu, tun daga Dagauda har bayan Udubo. Ya yi murna da abin, ya ce wuyan mutane zai huta. Jirgin ya zo bayan kaka, ya yi kwanaki yana kai da kawo, ya tafi da hotunansa Ingila.

Fiye da shekara sannan hotunan suka dawo, tare da wani sabon Bature, yaro ɗanye, da wani gilashi mai ido biyu. In aka jera hoto biyu a ƙarƙashinsa aka leƙa, sai ka ga itatuwa sun miƙe tsaye, kwari ya zurma. Ya bar Baffa ya leƙa sau ɗaya. Baffa ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya ce, "Maƙerin nan ya iya." Ba ya hana mai gaskiya gaskiyarsa. Aikin da aka turo Baturen shi ne ya fitar da gandun daji a inda babu gonaki. Ya leƙa gilashinsa, ya ja jan layi a kan hoto, layin ya haɗiye rabin ƙasar ƙauyen nan na gabas da Udubo.

Baffa ya san wurin, ya taɓa jan sarƙa a can, ya ci tuwon mai unguwarsu. Ƙasarsu jigawa ce mai saurin gajiya, don haka rabi suke nomawa su bar rabi saura ya huta shekara uku ko huɗu, sabara da kalgo su rufe shi, sannan su juyo. Iyakokin gonakinsu kuwa da gamba suke yi, layi-layi. Da kaka sai su yanke gambar ƙasa-ƙasa su saƙa zana, saiwar ta zauna a ƙasa tana jiran ruwa. Jirgi ya zo an riga an yanke gamba, kuma ɓangaren da ke hutu ya ɗauka. Daga sama daji ne. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar nan zai gane saura da kallo ɗaya, amma wanda ya ƙera gilashin da wanda ya saye shi ba su taɓa riƙewa ba.

Baffa ya matsa sai da Baturen ya yarda aka je. Ni aka tura tafinta. Muna isa ƙauyen ya zama kamar an yi shara, domin a wurinsu Bature da akwati ko haraji ne ko aikin tilas. Kowa ya shige gida, ana leƙenmu ta kafar zana. Baffa ya ɗauki fartanya ya shiga cikin sabara, ya ƙirga taku, ya tsaya ya sara. Saiwar gamba ta fito, dunƙule guda. Ya nuna wa Bature. Sannan ya mayar da ita ramin, ya rufe da ƙasa, ya taka da diddige. Na tambaye shi don me, ya ce, "Iyakar mutane ce, Akawu. In na bar ta a rana ta mutu, ni na haɗa su faɗa." Ya ƙara gaba ya sake sarawa. Sau bakwai ya tona, sau bakwai saiwa ta fito a kan layi ɗaya, kamar an ja igiya, kuma kowacce sai da ya mayar ya rufe.

Baturen ya share gumi ya ce ciyawa ai ko'ina tana fitowa. Ya ce an kashe dukiya mai yawa kafin a kawo jirgi da gilashin nan, masana sun duba hoton a can, ba zai rubuta musu cewa wani helima ya tona ciyawa ba.

Na fassara. Baffa ya ce, "Gaya masa gilashinsa makaho ne. Yana ganin itace, ba ya ganin mai gona."

Ni kuma na dubi jar fuskar Baturen, na tuna ban fi wata huɗu da aure ba, sai na ce masa da Turanci wai helima yana roƙo ko za a ƙara dubawa. Shekara ashirin da biyar Baffa yana jin Turanci a kansa, ba ya yi, amma yana tsinta. Ya juyo ya dube ni.

"Akawu, ba haka na ce ba."

Baturen ya ce gobe a fara kafa turakun siminti a kan jan layi, helima ya jagoranta. Baffa ya kwance sarƙar awo daga kafaɗarsa, ya naɗe ta tsaf yadda ya saba, ya ajiye a gaban akwatin Yarima. Ya ce, "Wannan karon faɗa masa daidai. Hannuna ba zai kafa turke a gonar mutane ba." Wannan na faɗa daidai. Ya saɓa fartanyarsa ya kama hanyar Azare a ƙafa, mu muka dawo a mota. Takardar sallamarsa, mai cewa ya ƙi bin umarni, da yatsuna aka buga ta.

An kafa turakun, wani helima aka ɗauko daga Kano. Aka hana mutanen ƙauyen shiga saurukansu. Rabin da ya rage musu ya gaji cikin shekara biyu, gero ya daina kai ƙugu, suka fara tashi gida-gida. Su kuwa abin da suka gani ta kafar zana shi ne helima ya zo da Bature, ya tona rami bakwai a iyakokinsu, ya sa wani abu ya rufe ya taka. A ƙasar nan wanda ya tona iyakar gonarka ya rufe, ba ka tambayar me ya sa. Ba su ga lokacin da ya ajiye sarƙa ba, kalgo ya tsare. Sabon heliman ba wanda ya san shi, Baturen ya koma ƙasarsu, gilashin yana cikin akwatinsa. Baffa ne kaɗai ke da fuska a kasuwar Azare.

Na ga yadda abin ya ci shi. Mutanen gabas in sun shigo kasuwa ba sa karɓar hannunsa. Mata suna janye 'ya'yansu in ya gifta. Mutumin da a da ake aiko masa da doki ya je ya raba gardamar iyaka, sai aka daina kiransa, wa zai bar shi ya taka masa gona? Ya koma tukar igiya a zaure. Bai daina ƙirga taku ba, amma ya daina faɗa.

Sau ɗaya na ce masa zan je in yi wa mutanen bayani. A ofis an ja mana kunne cewa maganar gandun daji sirrin gwamnati ce, wanda ya fitar a bakin aikinsa, don haka da rabin baki na faɗa. Ya ci gaba da tukarsa, ya ce, "Wa ya shimfiɗa wa jirgin farar ƙasa? Ni na nuna masa inda zai duba. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Je ka ci tuwonka, Akawu, kana da iyali." Na ji daɗin wannan amsa, Allah ya sani. Na karɓe ta hannu biyu, ban sake tayar da maganar ba. Ina jin haushin Baturen da ya fifita gilashi a kan abin da idonsa ya gani, ina jin haushin masu sayar da gilashin da suka ce ba ya kuskure, ina jin haushin garin da ya san halin mutum shekara sittin ya sayar da shi a kan jita-jita. Amma in na gama zagayen, a kaina haushin yake sauka.

Ranar bakwai ta faɗo Lahadi, ranar kasuwa. Bayan an shafa addu'a mutane sun fara raguwa, sai wani mutum ya yi sallama, dogo, siriri, da sandar kiwo da takalmin fata. Ya yi gaisuwa kamar yadda ake yi, aka miƙa masa sadaka bai taɓa ba. Ya ce shi ɗan mai unguwar ƙauyen nan ne, yanzu kiwon shanun wasu yake yi a Udubo. Ya ce yana son ganin babban ɗan gida. Na ce ga ni.

Ya ce, "Malam, ba faɗa ya kawo ni ba, mutuwa ta raba. Tambaya ce. Ko marigayi ya bar wasiyya a kan abin da ya binne mana? Mun tona ramukan tun a lokacin, ba mu samu komai ba sai saiwar gamba, malamai suka ce ya nutse ne. In ya faɗi makarinsa, ku taimake mu. Mu gida goma sha ɗaya ne, har yau muna sa ran komawa."

'Yan kasuwan nan biyu suna nan, liman yana nan, da wani abokin aikina na ofis. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗa, tun daga farar ƙasa har zuwa sarƙar da ya ajiye. Na ce saiwar da suka samu ita ce abin da ya binne, tasu ce, ya mayar musu ne don kada iyakarsu ta mutu. Na faɗi abin da ya ce a gaya wa Bature da abin da ni na gaya masa. Na ce babu makari, turakun siminti ne da jan layi a kan hoto, kuma mutum ɗaya da ya ƙi kafa su shi ne muka binne ranar Litinin.

Mutumin ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Kana wurin?"

Na ce ina wurin.

"Shekara takwas kana da wannan bakin?"

Na ce ina da shi.

Bai zage ni ba, da ya zaga da na samu sauƙi. Ya jingina sandarsa da bango, ya ce a nuna masa kabarin. Muka tafi mu biyu da rana tsaka. Ya durƙusa a wajen kai ya yi addu'a mai tsawo, na ji yana cewa da Fulatanci su ne suka zalunci marigayin, ya yafe musu. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta, ya ba shi inuwar da bai samu a nan ba.

Da muka juyo, a bakin maƙabarta mutumin ya tsaya yana gyara takalmi. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mahaifina bara ya rasu. Bayan kowace salla sai ya yi wa mutumin nan Allah ya isa, har ranar da ya cika. Yanzu wa zai je ya gaya masa?"